Kansar Ƙoda Mai Bin Jijiya Zuwa Zuciya da Yadda Ake Fiɗarta

Gabatarwa

Daga cikin cututtukan daji da ke kama ɗan Adam, kansar ƙoda tana da wata ɗabi'a wadda ba kasafai ake samun irinta ba. Yawancin ire-iren kansa kan ci naman da suke maƙwabtaka da shi, ko kuwa su saki ƙwayoyinsu cikin jini su je su yi zango a wata gaɓa mai nisa, kamar huhu ko ƙashi. Ita kansar ƙoda, ban da waɗannan hanyoyi biyu, tana da ta uku. Takan fitar da wani harshe na tsoka ya kutsa cikin jijiyar da ke kwashe jini daga ƙodar, ya yi ta tsawo yana bin inda jinin ya nufa, har ya faɗa cikin babbar jijiyar ciki, wani jikon ma ya leƙa cikin zuciya. A cikin kowane mutum 100 da aka samu da wannan cuta, tsakanin 4 zuwa 10 za a tarar harshen ya shiga babbar jijiya, kuma kamar mutum guda ne nasa kan kai zuciya.

Duk wanda ya ji an ce ciwon daji ya kai zuciya zai ɗauka magana ta ƙare. To, a nan ba haka abin yake ba. Muddin ƙwayoyin cutar ba su watsu zuwa wasu gaɓoɓi ba, likitocin fiɗa na iya cire ƙodar tare da harshen gaba ɗaya, kuma mutane da dama sun rayu shekaru bayan an yi musu wannan aiki. Sai dai gwargwadon nisan da harshen ya yi a cikin jijiya, gwargwadon girman aikin, da haɗarinsa, da tsadarsa, da kuma nisan asibitin da zai iya yin sa. Ga mutumin Kankiya ko na Kusada a tsakiyar Jihar Katsina, wanda manyan asibitocin koyarwa ba a ƙofar gidansa suke ba, wannan shi ne ƙashin bayan zancen. Wannan maƙala za ta bayyana yadda cutar ke bin jijiya, da yadda ake fiɗarta, da abin da ke sa mutanenmu yin latti.

Ƙoda da Hanyoyin Jininta

Wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana fiɗar ragon layya ya san inda ƙoda take. Bayan an fitar da tumbi da hanji, sai a ga ƙodoji biyu manne da gadon baya, lulluɓe cikin kitse, ɗaya dama ɗaya hagu. A tsakaninsu kuma manyan jijiyoyin jini biyu ne ke kwance a jikin ƙashin baya. Ɗaya mai kauri ce, ita ke kawo jini daga zuciya. Ɗayar kuwa mai laushin fata ce, ita ke tattara jinin ƙafafu da ƙugu da ƙodoji da hanta ta mayar da shi zuciya. Wannan ta biyun likitoci ke kira bena-kaba ta ƙasa, mu kuwa a nan za mu kira ta uwar jijiya. Tsarin jikin mutum a wannan wuri bai bambanta da na rago sosai ba.

Ƙodar baligi ba ta wuce santimita 11 zuwa 12 a tsawo ba, nauyinta kuma kamar giram 150 ne. Amma duk da ƙanƙantarsu, ƙodojin biyu kan karɓi kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa, watau fiye da lita guda a kowane minti. A yini da kwana sukan tace ruwa kimanin lita 180, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ba a matsayin fitsari. Jinin da aka tace yana fita ta jijiyar ƙoda ya zuba cikin uwar jijiya, wadda faɗinta ya kai kamar santimita 2. Daga nan uwar jijiya takan hau sama, ta ratsa ta bayan hanta, ta huda tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ta zube a zauren zuciya na dama.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Uwar jijiya ta fi karkata zuwa dama, saboda haka jijiyar ƙodar dama gajeruwa ce, ta hagu kuwa ta ninka ta tsawo kusan sau uku. Wannan ne ya sa ƙarin da ya tsiro a ƙodar dama ya fi saurin isa uwar jijiya.

Yadda Ƙari Ke Shiga Jijiya

Kusan kashi 90 cikin 100 na kansar ƙoda a jikin manya tana tasowa ne daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe 'yan ƙananan bututun tace fitsari. Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 an samu sababbin masu cutar fiye da 430,000. Ta fi kama maza, kusan ninki biyu na mata, kuma ta fi yawa a tsakanin 'yan shekara 60 zuwa 70. Shan taba, da ƙiba, da hawan jini, da daɗewa ana wankin ƙoda, duk suna ƙara yiwuwar kamuwa da ita.

A shekarar 1993 masana suka gano wata ƙwayar gado da ake kira VHL, wadda lalacewarta ke haddasa mafi yawan irin wannan kansa. Aikin wannan ƙwayar gado shi ne sanar da ƙwayar jiki cewa iskar shaƙa ta wadata. Idan ta lalace, sai ƙwayar jiki ta zaci tana cikin ƙarancin iska ko da ba ta ciki, ta dinga aika saƙon a tsiro mata sababbin hanyoyin jini. Shi ya sa ƙarin ƙoda kan cika da jijiyoyi maƙil, ya kuma zama mai yawan zubar da jini idan an taɓa shi. Binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane yawan iska shi ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar yabo ta Nobel a shekarar 2019.

Ƙarin da ke da irin wannan alaƙa da jini yakan fasa 'yan ƙananan jijiyoyin cikin ƙoda, daga nan ya bi su zuwa manya. Misalinsa kamar saiwar bishiya ce da ta samu tsaga a jikin bututun ruwa: takan shiga ta yi ta tsawo a ciki, amma gindinta na nan a waje. A mafi yawan lokuta harshen ba ya manne wa bangon uwar jijiya, lilo yake yi a cikin jini, jinin na wucewa ta gefensa. Wannan shi ne sirrin da ya sa fiɗa ke yiwuwa, domin harshen da ƙodar jiki ɗaya ne, in an iya buɗe jijiyar za a iya zaro shi.

Alamomin Cutar da Ruɗanin Tsargiya

Tsofaffin littattafan likitanci sun lissafa alamomi uku na kansar ƙoda: fitsarin jini, da ciwon kwiɓi, da ƙullutu a ciki wanda hannu ke iya ji. A Turai da Amurka yanzu da wuya a samu ko mutum 10 cikin 100 da duka ukun, domin fiye da rabin masu cutar ana gano ta ne bisa katari, lokacin da aka yi musu hoton ciki don wani dalili dabam, tun ƙarin yana ƙarami. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya kuwa sun yi ta nuna akasin haka, yawancin marasa lafiya kan zo ne bayan ƙarin ya girma ƙwarai.

Idan harshen ya fara toshe uwar jijiya, wasu alamomin kan ƙaru. Ƙafafu biyu su kumbura, jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro a fatar ciki saboda jini na neman wata hanya, namiji kuma ya ga jijiyoyin marenansa sun kumbura, kumburin da ba ya saɓewa ko ya kwanta. In ya toshe hanyar jinin hanta, sai ruwa ya taru a ciki.

A ƙasar Hausa akwai dalili na musamman da ke sa a raina alama ta farko. Dalilin shi ne tsargiya. Wannan cuta, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a shekarar 1851, ana ɗaukarta ne a kududdufai da madatsun ruwa inda dodon koɗi ke zaune. Yaro da yawa a karkarar Kankiya da Kusada, kamar sauran sassan Arewa, ya yi wanka a kududdufi da damina ya yi fitsarin jini, har wasu suka ɗauke shi wani abu ne da ke zuwa da ƙuruciya. Mutumin da ya tashi da wannan sabo, idan ya ga jini a fitsarinsa yana ɗan shekara 50, abin da zai fara cewa shi ne tsohuwar tsargiya ce ta motsa. Sai ya sayi magani a kemis ko ya sha jiƙo. Abin takaici kuma, jinin kansar ƙoda zuwa yake yana ɗaukewa don kansa, saboda haka sai a yaba wa maganin, alhali ƙari na can yana aikinsa.

Akwai bambanci a tsakaninsu. Jinin tsargiya ya fi zuwa a ƙarshen fitsari, 'yan ɗigo, sau da yawa tare da zafi. Jinin da ya fito daga ƙoda kuwa yakan gauraye fitsarin tun daga farko har ƙarshe, galibi ba zafi, wani lokaci da gudaji sirara masu kama da tana. Amma wannan bambanci bai isa a dogara da shi ba. Tsakuwar ƙoda, da ciwon mafitsara, da ita kanta daɗaɗɗiyar tsargiya wadda ke iya jawo kansar mafitsara, duk suna kawo fitsarin jini. Saboda haka babban mutum, musamman wanda ya haura 40, in ya ga jini a fitsari ko sau ɗaya ne, yana buƙatar a yi masa hoton ciki, ko da an ga ƙwan tsargiya a gwajin fitsarinsa.

Matakan Hawan Harshe

A shekarar 1987 likitoci biyu na asibitin Mayo da ke Amurka, Neves da Zincke, suka wallafa wani tsari na auna nisan harshen, wanda da 'yan gyare-gyare har yau ake amfani da shi. Idan harshen yana cikin jijiyar ƙoda kawai, ana ce masa matakin sifili. Idan ya shiga uwar jijiya amma bai wuce santimita 2 daga bakin jijiyar ƙoda ba, mataki na ɗaya ke nan. Idan ya wuce haka amma bai kai inda jijiyoyin hanta ke zubowa ba, mataki na biyu. Idan ya kai bayan hanta, daidai jijiyoyinta ko sama da su, amma bai ƙetare tantanin ƙirji ba, mataki na uku. Idan kuwa ya ƙetare tantanin ya shiga ƙirji ko zauren zuciya, wannan shi ne mataki na huɗu.

Ana gane matakin ne ta hoto. Na'urar sikanin ta yau da kullum, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana iya nuna ƙari a ƙoda, a hannun gwani ma takan nuna harshen. Amma don sanin iyakarsa daidai sai an yi hoton siti-sikan ko na em-ar-ai. Likitoci kan so hoton ya zama sabo, wanda bai wuce mako ɗaya ko biyu ba kafin ranar fiɗa, domin harshen na iya ƙara tsawo cikin 'yan makonni, ya sauya dukan shirin da aka yi.

Taƙaitaccen Tarihin Fiɗar

Ranar 2 ga Agusta, 1869, Gustav Simon ya cire ƙodar wata mata mai yoyon fitsari a birnin Heidelberg na Jamus, bayan ya gwada a kan karnuka ya tabbatar cewa ƙoda ɗaya ta isa rayuwa. Matar ta rayu. Wannan shi ne karo na farko da aka shirya cire ƙoda aka kuma yi nasara. A shekarar 1913 wani likitan Amurka mai suna Berg ya bayyana yadda ake tsaga uwar jijiya a zaro harshen kansa. Duk da haka, shekaru da dama bayansa yawancin likitoci na ganin wanda cutarsa ta kai nan ba shi da rabo.

Ra'ayi ya fara sauyawa a shekarar 1969, lokacin da Charles Robson na Kanada ya nuna amfanin cire ƙoda tare da kitsen da ke kewaye da ita a dunƙule. A 1972 Donald Skinner da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa shigar kansa cikin uwar jijiya ba dalilin yanke ƙauna ba ne, muddin ba ta watsu ba. Shi kuwa harshen da ya kai zuciya, sai da aka aro dabara daga likitocin zuciya. John Gibbon ya fara amfani da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu cikin nasara a 1953, a 1984 kuma Marshall da abokansa na asibitin Johns Hopkins suka bayyana yadda suka sanyaya jikin majinyaci, suka tsayar da jininsa, suka cire harshe daga zauren zuciya. Daga baya likitoci a birnin Miami, musamman Gaetano Ciancio, suka aro dabarun dashen hanta don cire dogon harshe ba tare da buɗe ƙirji ba. Tun daga 2011 kuma aka fara ba da rahoton yin aikin ta 'yan ƙananan ƙofofi da taimakon mutum-mutumin fiɗa.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai likitan fiɗar ƙoda da mafitsara, da likitan jijiyoyin jini ko na hanta, da likitan da ke sa barci ya kula da numfashi, da ma'aikatan jinya, da ma'ajiyar jini, a mataki na huɗu kuma har da likitan fiɗar zuciya. Sau da yawa akan zura wata 'yar na'urar hoto ta maƙogwaro ta tsaya a bayan zuciya, don a riƙa kallon kan harshen tun daga farkon aiki har ƙarshensa.

Bayan an buɗe ciki an kawar da hanji gefe, abu na farko shi ne ɗaure jijiyar da ke kai wa ƙodar jini. Yin haka kan rage zubar jini, wani lokaci ma harshen ya ɗan ja da baya. Sai a ware sashen uwar jijiyar da harshen ke ciki, kamar yadda mai noman rani ke datse ruwa sama da ƙasa kafin ya gyara kwalbati. Akan matse ta da wani awartaki mai taushin baki a ƙasa da harshen, a matse jijiyar ɗayar ƙodar mai lafiya, a kuma matse sama da kan harshen, sannan a ɗaure ƙananan jijiyoyin da ke zubowa daga gadon baya. Idan an tabbatar ba jinin da ke shiga, sai a tsaga uwar jijiya, a zaro harshen a hankali ba tare da ya gutsure ba, a fitar da shi haɗe da ƙodar. Sai a wanke cikin jijiyar, a duba ko da saura, a ɗinke, a kori iska, a saki awartakai ɗaya bayan ɗaya. Idan an tarar kansa ta ci bangon jijiyar, akan yanke wurin a yi faci, ko a sa bututun roba na musamman a madadinsa.

Abin da aka bayyana ya wadatar a mataki na ɗaya da na biyu. A mataki na uku sai an kwance hanta daga maɗauranta an mirgina ta gefen hagu don a ga uwar jijiyar da ke bayanta. Akan kuma matse hanyar da jini ke shiga hanta na 'yan mintuna ƙidayayyu, dabarar da James Hogarth Pringle na birnin Glasgow ya bayyana tun 1908. A mataki na huɗu galibi sai an tsaga ƙashin ƙirji an haɗa majinyaci da na'urar zuciya da huhu. Wani lokaci akan sanyaya jikinsa daga awo 37 na ma'aunin zafi zuwa kamar 18, domin a irin wannan sanyi ƙwaƙwalwa na iya jure rashin jini na kimanin rabin sa'a. Sai a tsayar da jini cik, a buɗe zauren zuciya daga sama da uwar jijiya daga ƙasa, a fitar da harshen, a ɗinke, a dawo da jini, a ɗumama jiki sannu a hankali.

Haɗari da Riba

Babban haɗari na farko shi ne zubar jini. Jinin jikin baligi kamar lita 5 ne, a wannan aiki kuwa ana iya rasa lita da dama, shi ya sa ake tanadar ledojin jini masu yawa tun kafin a fara. Na biyu shi ne gutsurewar harshen. In wani ɓangare ya ɓalle, jini zai kwashe shi ta zuciya ya toshe hanyar huhu. Wannan ba ya yawan faruwa, bai kai sau 2 cikin 100 ba, amma in ya faru yawanci yakan zama ajali. Ko a manyan cibiyoyin duniya akan rasa wasu marasa lafiya a lokacin aikin ko jim kaɗan bayansa, kuma adadin na ƙaruwa da ƙaruwar mataki, yana iya kaiwa 10 cikin 100 a mataki na huɗu.

To, me ya sa ake shiga wannan kasada? Saboda ƙin yi ya fi muni. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a shekarar 2013 a kan masu irin wannan cuta da ba a yi musu fiɗa ba ya nuna rabinsu sun rasu cikin watanni 5. Waɗanda aka yi musu kuwa, in cutar ba ta watsu ba, kimanin 40 zuwa 60 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5. Abin da ya fi yanke hukunci a kan tsawon rai shi ne ko kansar ta watsu zuwa kaluluwa ko huhu ko ƙashi, da kuma ko an iya cire ta duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu harshe a jijiya ana tarar da tasu ta riga ta watsu.

Kansar ƙodar manya ba ta jin allurar kansa ta gargajiya sosai. Amma an samu sababbin magunguna. Sunitinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2006, yana hana ƙari tsiro da sababbin jijiyoyi. Wasu kuma, kamar pembrolizumab, zaburar da garkuwar jiki suke yi, kuma a 2021 aka amince a riƙa ba da shi bayan fiɗa don rage dawowar cutar. A jikin wasu marasa lafiya irin waɗannan magunguna kan rage tsawon harshen kafin aiki. Sai dai suna da tsadar gaske, kuma har yanzu fiɗa ce ginshiƙin magani ga wanda cutarsa ba ta watsu ba.

Ɓangaren Yara

Yara ma suna da tasu kansar ƙodar, wadda ke ɗauke da sunan Max Wilms, likitan Jamus da ya yi rubutu a kanta a 1899. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin ƙullutu a cikin yaro lokacin wanka. Ita ma takan shiga uwar jijiya. Bambancinta da ta manya shi ne tana jin allurar kansa ƙwarai, saboda haka akan fara ba yaron allurai na 'yan makonni, ƙarin da harshen su motse, sannan a yi fiɗa cikin sauƙi. A ƙasashe masu wadata yara kusan 9 cikin 10 ke warkewa. A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya yi ƙasa da haka nesa, saboda zuwa asibiti a makare da kuma barin magani a tsakiya. Ƙullutu a cikin yaro ba abin da za a ce saifa ce a kai wa wanzami ya yi tsaga ba ne, abin a duba da na'ura ne.

Daga Kankiya da Kusada

Kankiya tana kan babban titin Katsina zuwa Kano, kimanin kilomita 60 daga birnin Katsina, Kusada kuwa tana gabas da ita. Wanda ya nufi arewa zai bi ta Charanchi ya isa Katsina, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya yake, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Wanda ya nufi kudu zai bi ta Gidan Mutum Ɗaya da Tsanyawa da Bichi ya isa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. An kafa shi a 1988, kuma a 2002 ya fara dashen ƙoda, aikin da ke buƙatar gwanintar ɗinkin jijiyoyin jini. Gaba kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Idan aka ɗora matakan harshe a kan wannan taswira, za a ga inda gizo ke saƙa. Cire ƙoda mai kansa da ba ta shiga jijiya ba aiki ne da likitocin fiɗar ƙoda a asibitocin koyarwa suka saba da shi. Da harshen ya kai bayan hanta, sai buƙata ta koma ta gungun ƙwararru, da jini mai yawa, da ɗakin kulawa ta musamman. Da ya kai zuciya kuwa, sai inda ake da na'urar zuciya da huhu. An fara buɗaɗɗiyar fiɗar zuciya a Nijeriya tun 1974 a Asibitin Koyarwa na Inugu, amma har yau cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai 'yan kaɗan ne. Ke nan 'yan santimitocin da harshen ke ƙarawa a cikin jiki suna iya zama ɗaruruwan kilomita a kan hanya, da kuɗin da ya fi ƙarfin gona da garke.

A nan ne jinkiri ke yin ɓarna. Manomi ya ga jini a fitsari da bazara, ya ce bari ya gama shuka. Da damina ya ce sai an gama noma. Da kaka ya ce sai ya sayar da gero da wake ya samu na mota da na hoto. Watanni shida sun wuce ke nan, shi kuwa harshen bai san damina ko rani ba.

Saboda haka maganin farko yana hannun waɗanda majinyaci ke fara gani, watau ma'aikatan cibiyoyin lafiya na Kusada da ƙauyuka, da Babban Asibitin Kankiya, da masu kemis. Kankiya tana da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, kuma ɗalibanta ne ke cika ƙananan asibitocin karkara. Idan kowannensu ya fita da wannan ƙa'ida a zuciya, cewa fitsarin jini a jikin babba sai an yi hoton ciki, kuma ƙari a ƙoda sai an tura shi asibitin koyarwa a makon da aka gan shi, to an yi rabin aiki. Ya kamata mai ɗaukar hoton ya riƙa duba uwar jijiya duk lokacin da ya ga ƙari a ƙoda, ya rubuta abin da ya gani a takardar turawa.

Dangi ma suna da nasu rabon. Su ne za su ba da jini, kuma gara a tara masu bayarwa tun da wuri a gwada su. Su ne za su kwantar wa majinyaci da hankali cewa ƙoda ɗaya mai lafiya ta ishe shi noma da kasuwa da iyali. Yana da kyau kuma a yi rajistar inshorar lafiya tun ana da lafiya, a kuma tambayi abin da ta ƙunsa, tunda dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta wajabta ta ga kowane ɗan ƙasa.

Kammalawa

Mun ga cewa kansar ƙoda na iya miƙa harshe daga ƙoda har zuciya, amma harshen jiki ɗaya ne da ƙodar, kuma ilimin fiɗa ya kai ga iya zaro shi a kowane mataki. Mun kuma ga cewa kowane mataki yana da farashinsa na jini da haɗari da nisa. Abin da likita a Kano ko Zariya zai iya yi wa mutum ya dogara ne ƙwarai a kan ranar da mutumin ya baro gida. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Barin taba, da kula da hawan jini, da rage ƙiba suna rage haɗarin kamuwa. Wanda kuwa ya ga jini a fitsarinsa, ko ya ji ƙullutu a kwiɓinsa ko a cikin ɗansa, kada ya jira kaka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma ƙara wa masu jinyarsu basira, amin.